Ma'anar "A Sha Ruwa" ta Mamman Shata: Tsakanin Masu Tsinuwa da Masu Wanki

A cikin ɗimbin waƙoƙin da Alhaji Mamman Shata ya bari, da wuya a sami wadda ake jin nauyin ambatonta a ɗakin karatu kamar "A Sha Ruwa". Kowa ya san ta, har wanda bai taɓa leƙa mashaya ba, amma idan aka zo zaɓen waƙar da za a yi wa nazari, sai a ga ɗalibi ya nufi Bakandamiya, ko waƙoƙin sarakuna da na attajirai, ya bar wannan a gefe kamar ƙwaryar da kare ya lasa. In kuwa zancenta ya taso dole, mutane kan rabu gida biyu. Wasu su ce ai wannan ba waƙa ba ce, talla ce ta giya, kuma abin kunya ce ga mutumin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988. Wasu kuma, saboda ƙaunar da suke yi wa mawaƙin, su ce ba a fahimce shi ba ne, habaici yake yi wa mashaya, ya shiga rigarsu don ya tona musu asiri. Ra'ayin wannan maƙala shi ne dukan ɓangarorin biyu sun sauƙaƙa wa kansu aiki, kuma na biyun ya fi na farkon nisa da gaskiya.

A fara da masu wanki. Hujjarsu ita ce ba zai yiwu Musulmi, Alhaji, ya tsaya a bainar jama'a ya wanke shan giya daga laifi da zuciya ɗaya ba, don haka lalle akwai gugar zana a ciki. Amma duk wanda ya saurari Shata sosai ya san ba mutum ne mai ɓoye zambo ba. Idan ya so yi wa mutum tsiya, yakan yi ta ƙiri da muzu, ya siffanta shi daga kai har ƙafa, yadda ko yaro zai gane an yi zagi. "Gagarabadau" ta ishi mai shakka shaida. A "A Sha Ruwa" babu wannan ɗacin. Murya a sake take, kiɗan kalangu na tafiya cikin nishaɗi, kuma mawaƙin bai tsame kansa daga cikin masu sha ba, ya sa kansa da mutanensa a tsakiyarsu. Mai habaici yakan bar wata ƙofa da mai sauraro zai leƙa ya hango dariyar da ake yi wa wanda ake nufi. A nan ba a bar ta ba. Mai son ya mai da wannan waƙa wa'azi, to, wa'azin daga zuciyarsa ya fito, ba daga bakin Shata ba. Kuma wannan irin wanki rashin adalci ne ga mawaƙin, domin ana sa masa rawanin da bai nema ba, a lokacin da ba ya raye balle ya tuɓe shi. Ya rasu tun 1999.

To, in ba habaici ba ce, ashe masu tsinuwa sun yi gaskiya ke nan? Sun yi gaskiya a abu guda, watau a wajen aikin da waƙar take yi idan aka sa ta a inda ake sha. A can izini ce, kuma ƙarfafa gwiwa ce. Babu amfanin musun wannan. Kuskurensu shi ne zaton da suke yi cewa da zarar an san inda waƙa ta karkata an gama sanin ma'anarta. Jigon waƙa daban, abin da take bayyanawa game da mutanen da suka yi ta da waɗanda suka karɓe ta daban. Ta wannan fuska ta biyu "A Sha Ruwa" tana da abin faɗi game da halin da mutum kan halaka kansa da kansa, wanda waƙoƙin gargaɗi da yawa ba su da shi.

Abu na farko shi ne sunan waƙar. Ba a ce giya ba, ba a ce barasa ba, ba a ce burkutu ko fito ba; ruwa aka ce. Ruwa kuwa a wurin Bahaushe shi ne abu mafi tsarki da rashin laifi: da shi ake tarbar baƙo kafin a tambaye shi labari, da shi ake alwala, da shi mai azumi yake buɗe baki, har ma shan ruwa ya zama sunan buɗa-baki kansa. Ɗaukar wannan kalma a ɗora ta a kan abin da addini ya haramta ba wasan kalmomi ba ne kurum. Matakin farko ne na duk wani mugun hali, watau a sake wa abu suna don kunne ya daina jin nauyinsa. Mai karɓar rashawa ya ce goro ne, mai sha ya ce ruwa ne. Wanda ya iya kiran abin da sunansa na gaskiya yana da sauran birki. Wanda ya sake masa suna ya riga ya yi sulhu da shi. Ko kalmar "ƙwaya" da ake amfani da ita yanzu haka ta samo asali, domin ƙwaya ta hatsi ce da ta ido kafin ta zama ta maye.

Abu na biyu shi ne amshi. Amshin waƙar kore laifi yake yi daga shan, kuma ana maimaita wannan korewa daga farko har ƙarshe. A nan ya kamata mai nazari ya tsaya ya yi tambaya: wa ya ce laifi ne? A cikin waƙar babu wanda ya fito ya yi tuhuma, amma ana ta ba da amsa. Ba a taɓa jin an yi waƙa ana rantsuwa cewa shan fura ba laifi ba ne, don babu mai zargin mai shan fura, kuma zuciyarsa ba ta zarginsa. Kariyar da ake nanatawa ita ce shaidar cewa tuhumar tana nan zaune a wurin, ba a gayyace ta ba, kuma ba ta tashi ba. Mai tuhumar na iya zama liman, ko uba, ko matar da aka bari a gida babu cefane, ko kuma, wanda ya fi kusa, zuciyar mai shan. Da amsar ta gamsar, da sau ɗaya ta isa. Ana maimaita ta ne domin ba ta zama, kamar yadda mai sha yake komawa ga kwalba domin kwalbar jiya ba ta kashe abin da ya kai shi ba.

Ana iya cewa ai maimaita amshi tsarin waƙar baka ne, duk waƙoƙin Shata haka suke, gajeren amshi da 'yan amshi suke karɓawa bayan kowane ɗa. Haka ne. Amma tsari ɗaya yakan ba da ma'ana dabam-dabam gwargwadon abin da aka zuba a cikinsa. Idan 'yan amshi suna nanata kirarin sarki, suna tabbatar da abin da jama'a suka riga suka yarda da shi ne. Idan kuwa suna nanata cewa abin da jama'a suka ɗauka laifi ba laifi ba ne, to, sun zama ƙungiya mai rufa wa juna asiri. A lura kuma cewa ba jagora ne yake ɗauke da kalmar wankewar shi kaɗai ba, 'yan amshi ne suke mayar masa da ita. Wannan shi ne ainihin yadda mashaya take aiki. Mutum shi kaɗai a ɗakinsa da wuya ya shawo kan zuciyarsa; sai ya zauna cikin abokai, kowa na gaya wa kowa ba komai, sa'an nan hankali ya kwanta. Shata, ko ya nufa ko bai nufa ba, ya gina waƙar da siffar teburin masu sha.

Sai abu na uku, wanda shi ne mafi nauyi, watau lokacin da waƙar take zaune a ciki. Waƙa ce ta daren sha, ta sa'ar da aljihu bai huje ba kuma jiki bai fara karɓar bashinsa ba. Hankalinta ba ya kan wayewar gari. Wannan ne ya sa masu tsinuwa suke cewa ta ɓoye sakamako, kuma ta ɓoye ɗin. Sai dai wannan ɓoyewa ita ce cutar kanta. Mai shaye-shaye ba jahilin sakamako ba ne. Ya fi mai yi masa wa'azi sanin ciwon kan safiya, da bashin mai mashaya, da kallon da 'ya'yansa suke yi masa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ya same shi shi ne gobe ta yi masa nisa, yau ta cika masa ido. Likitoci sun bayyana yadda jiki yake sabawa da maye har abin da ya bugar da mutum bara ya kasa bugar da shi bana, ya ƙara yawa, hanta tana tabo a hankali ba tare da ya ji ba sai ta kusa gamawa. Duk wannan yana faruwa ne a wajen waƙar, a gefen da fitilar mashaya ba ta haskawa. Mai sauraro da ya san yadda irin wannan dare yake ƙarewa yana jin waƙar da kunne biyu, kuma nishaɗin da ke cikinta shi ne abin da ya fi tsorata shi.

Yana da kyau a ajiye wannan waƙa kusa da "Waƙar Giya" ta Mu'azu Haɗeja, wanda ya rasu a 1958, wadda aka buga cikin littafin waƙoƙinsa a Zariya, ta kuma shiga makarantu ta zama abin karatun ɗalibai shekara da shekaru. Mu'azu malamin makaranta ne, kuma da muryar malami ya yi magana. Ya tsaya a waje ya nuna mai sha da yatsa, ya bayyana asarar da yake jawo wa kansa ta mutunci da dukiya da addini. Waƙa ce mai ƙarfi, kuma ta gaji doguwar al'ada ta waƙoƙin wa'azi tun daga masu jihadi na ƙarni na 19. Abin da ta faɗa gaskiya ne. Amma a yi tambaya ta tsakani da Allah: wa take yi wa magana? Mai karanta ta yaro ne a aji, ko malami, ko mutumin kirki da yake ƙara samun tabbacin cewa hanyarsa daidai ce. Aikinta riga-kafi ne, kuma riga-kafi ya fi magani. Wanda ya riga ya faɗa kuwa, idan ya ji ta, hoton wani wawa yake gani wanda ba ya kama da shi, domin shi a wurin kansa ba wawa ba ne, mutum ne mai abokai da raha da dalilansa. Mu'azu ya zana yadda mai sha yake a idon jama'a. Shata ya bar mai sauraro ya ji yadda mai sha yake a kunnen kansa. Mai son fahimtar yadda mutum mai hankali yake rusa kansa yana buƙatar hoton nan na biyu, ko da kuwa bai yi masa daɗi ba.

A nan akwai abin lura daga yadda haramcin giya ya sauka, kamar yadda malaman tafsiri suka bayyana. Bai zo a rana ɗaya ba. Ayar Suratul Baƙara ta 219 ta ambaci cewa akwai wani amfani ga mutane a cikinta, tare da cewa zunubinta ya fi amfanin girma. Ta Suratun Nisa'i ta 43 ta hana kusantar salla cikin maye. Sa'an nan ta Suratul Ma'ida ta 90 ta yanke hukunci. Abin da ya shafi wannan nazari shi ne matakin farko: ba a ce wa masu sha ba su jin komai a cikinta ba. An yarda akwai abin da yake jan su, sa'an nan aka ɗora shi a kan sikeli. Yawancin gargaɗin da ake yi a yau yakan tsallake wannan mataki, ya nuna kamar mai maye ba ya samun komai sai wahala, shi kuwa ya san ƙarya ne, daga nan sai ya toshe kunne ga sauran maganar, har da gaskiyar da ke cikinta.

Ba a kuma fahimtar waƙar sai an tuna da ƙasar da ta fito. Tun zamanin Lugga, Turawan mulki sun mai da Arewa yankin da aka hana sayar wa 'yan ƙasa barasar Turai, bisa yarjejeniyar Burasal ta 1890, amma unguwannin Sabon Gari da barikoki suka zama wuraren da doka take sassautawa, burkutu kuwa bai daina dahuwa a ƙauyuka ba. Dokar Final Kod ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta tanadi horo a sashe na 403 ga Musulmin da ya sha giya ba don magani ba. Shekara uku bayan haka, a 1963, aka buɗe masana'antar giya a Kaduna, hedkwatar Jihar. Watau hukuma tana hani da hannun dama tana karɓar haraji da na hagu, kuma a cikin masu sha akwai ma'aikata da 'yan kasuwa da direbobi da waɗanda ake gaisarwa da rusunawa da rana. Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, ya yi rayuwarsa yana yawo tsakanin fada da bariki, ya san fuskokin nan duka biyu. Abin da ya ɓata wa mutane rai a waƙarsa ba labarin cewa ana sha ba ne, kowa ya san ana sha. Ya karya ƙa'idar da aka yi shiru a kanta ne, wadda ta ce a sha a ɓoye, a yi tir a fili. Wannan bai mai da waƙar ta gari ba, amma ya nuna cewa wani kaso na fushin da ake yi da ita fushin wanda aka yaye wa zane ne.

Me ya sa wannan zance bai tsufa ba? Daga 1999 zuwa 2001 jihohin Arewa goma sha biyu suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci, Zamfara ce ta fara, Kano ta bi a 2000, kuma a jihohi da dama aka rufe mashaya, aka riƙa fasa kwalabe a bainar jama'a. Giya ta ja baya daga idon mutane. Halin da waƙar ta siffanta kuwa bai ja baya ba, kwalba kawai ya sake. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, na shekarar 2018, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a Nijeriya cikin shekara guda, ban da giya da taba, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A Jihar Kano ƙiyasin ya kai kashi 16 cikin ɗari. A wannan shekara ta 2018 BBC ta fitar da rahoton bincike a kan maganin tari mai kodin, kuma a farkon watan Mayu Gwamnatin Tarayya ta hana yin sa da shigo da shi. Abin da ya sa kodin da tiramol suka sami shiga inda giya ba ta taɓa shiga ba, har cikin ɗakunan matan aure, shi ne sun zo da wankakken suna tun daga kanti: magani. Ba su da warin da zai tona asiri, kuma mai shansu yana iya gaya wa kansa cewa shi bai taɓa shan giya ba. Hanta kuwa tana juya kodin ya zama mofin, ɗan gidan su hodar da ake tsoro, tiramol mai yawa kuma yana jawo farfaɗiya. Dabarar da ta kira giya ruwa ita ce ta kira wannan magani, sai dai wannan karon ba a bukaci mawaƙi ba.

Saboda haka cire "A Sha Ruwa" daga abin da ake nazari a Sashe, ko a bar ta a ciki amma a lulluɓe ta da mayafin habaici, duka asara ce. Ba a ce a sa wa 'yan firamare ita ba. Kowace magana da muhallinta, kuma gidan rediyon da ya ƙi sa ta da rana tsaka yana da hujjarsa. Amma jami'a ba gidan rediyo ba ce. Tun 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a kan matsayin mawaƙin baka cikin al'umma, ya ɗauki Shata a matsayin misali, kuma littafin tarihin mawaƙin, Shata Ikon Allah!, wanda Ibrahim Sheme ya jagoranci rubutawa, ya fito a 2006. Mutumin da aka yi wa wannan hidima ya wuce a riƙa tsince masa waƙoƙi kamar ana tsintar tsakuwa a shinkafa. Wanda ya yi Bakandamiya shi ya yi wannan, da murya ɗaya da makaɗa ɗaya, kuma gwanintar da ake yabo a can ita ce ta sa wannan take da haɗari. Waƙa maras daɗi ba ta taɓa ɓatar da kowa ba.

Akwai aikin da yake jiran ɗaliban da ke neman batun kundi. An san Shata ba ya rera waƙa iri ɗaya sau biyu. Yakan ƙara, ya rage, ya sako sunayen waɗanda suke wurin. Ya kamata a tattara duk nau'o'in "A Sha Ruwa" da za a iya samu a faifai da kaset da taskokin gidajen rediyo, a rubuta su, a kwatanta, a ga abin da yake canzawa da abin da ba ya canzawa, da irin mutanen da ake ambata a kowanne. Sa'an nan a fita tasha da bakin kasuwa da majalisun samari a tattara sunayen da ake kiran kayan maye da su a yau, da kalmomin da ake siffanta buguwa da su, a duba nawa ne daga ciki aka aro daga abinci da magani da wasa, nawa ne kuma suke ɗauke da ko ɗan ƙamshin zargi. Waɗannan kalmomi suna saurin mutuwa, domin da zarar hukuma da iyaye sun gane ɗaya sai a jefar da ita a ƙirƙiro wata, kuma ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham ba za su taimaki mai neman su ba.